Ranar da Inna Ta Ɗaure Gardi

Malamai sun ce shekara tana ƙarewa ne ranar da watan Layya ya mutu, ni kuwa ban musa musu ba. A garinmu ma liman yakan tara maza bayan la'asar ta wannan rana, ya karanta addu'ar ƙarshen shekara, a shafa, a aiko mana da rubutu a ƙoƙo mu kurɓa mu ba yara. Amma mu mata, a wurinmu tsohuwar shekara tana nan daram sai ranar tara ga watan cika-ciki, ranar da za a sauko da jelar ragon Layya daga inda take rataye a jefa ta tukunya. Ran nan ake share gida kaf, a kwashe tsohuwar toka, manya su ɗauki azumi, taubasai su yi ta farautar juna da igiya, wanda aka ɗaure sai ya fanshi kansa. Da magariba kuma kowa ya ci har ya kasa tashi, don an ce wanda bai ƙoshi ba a wannan dare, ba zai ƙoshi ba har shekara ta zagayo.

Ni ƴar manoma ce daga wajen Kwaya. Aure ya kai ni wani ɗan ƙauye tsakanin Magariya da Dungas, gidan Fulanin da suka daɗe da zama, suna noman gero suna kiwon shanu, Fulatancin ma sai a bakin tsofaffi. Uwar mijina, wadda nake ce wa Inna, doguwa ce siririya, idonta ya fara rauni amma bakinta lafiya lau. Ba ta taɓa kirana da sunana ba, sai “ƴar Kaɗo”. In na dama fura ta ce na kashe nono, in na yi tatsa ta ce saniyar ta fi ni hankali. Na yi kuka a watannin farko. Daga baya na gane duk wanda Inna ba ta tsokana, to ba ta damu da shi ba, sai na soma ramawa, muka shaƙu.

Mutum ɗaya ne kawai ba ta tsokana, kuma ba don ba ta damu da shi ba. Maigidana ɗanta ne na fari. Ba ta faɗin sunansa, ba ta kallon fuskarsa, in ya shigo ta ƙofa ita ta ba shi baya. In dole ta kama sai ta ce “wancan”. Kunyar ɗan fari muna da ita a gidanmu, amma irin ta Inna ban taɓa gani ba. Baƙo zai rantse tsinto shi ta yi a daji.

A shekarar da nake ba da labari ana yaƙin Nasara, aikin tilas ya yi tsanani. Bayan kaka ne, ana cinikin gyaɗa, ga sanyi. Motocin da ke kwasar gyaɗa suna kafewa a rairayi, sai kumandan, Baturen da ke mulkin yankin, ya ce a gyara hanya, a shimfiɗa kara a zuba jar ƙasa a kai. Watan cika-ciki bai daɗe da tsayawa ba mai gari ya zo da gardi, wato dogarin Nasara mai jar hula da dorina, aka ɗebi maza. Maigidana yana ciki. Inna tana tankaɗe lokacin da suka wuce da shi, ko ɗaga kai ba ta yi ba. Amma na ga garin yana zuba ƙasa, ba cikin ƙwarya ba.

Ƙanwar mijina ce ta gaya mini abin da ke cin Inna. Wata shekara can baya, cika-ciki ya riski surukina a hanya da shanu, ya kwana da ɗan guntun fura a ciki. A shekarar ciwo ya shiga garke, shi ma bai ga wata Layyar ba. Liman ya sha gaya wa Inna cewa wannan ba ya cikin littafi, ajali ne. Takan ce, “Na ji, malam.” Amma tun daga nan ba wanda ya isa ya kwana a waje ran cika-ciki a gidanta. Yanzu ga ɗanta can bakin hanya, ana ba su dafaffen gero a tafin hannu, ko gishiri babu.

Ana gobe tara ga wata Inna ta kira ni.

“Ke ƴar Kaɗo, ki surfa gero da yawa. Gobe za mu kai nono kasuwa.”

Na ce, “Inna, gobe ai ba kasuwar da ke ci a ƙasar nan.”

Ta ce, “To sai a buɗe mana.”

Na ɗauki taɓarya. Ina daka ina dariya ina hawaye, don ni ma ban san yadda zan kai loma bakina ba alhali maigidana yana can.

Da asuba ta ɗauki azumi. Ni ina da ƙaramin ciki, ta hana ni. Muka share gida, muka kwashe toka, sannan ta hau turmi da kanta ta sauko da jelar. Wata guda tana shan hayaƙi, ta yi baƙi ta ƙandare, amma da ta ji ruwan zafi sai ƙamshi ya cika gidan, har karen maƙwabta ya zo ya zauna a ƙofa. Aka yi miyar kuka da wake da man shanu, aka tuƙa tuwo. Ta raba na gida ta bar wa ƴarta, sauran muka ɗaure a akusa, muka rufe tukunyar miya da faifai muka aza wa jaki. Nonon kasuwa kuwa, ɗan ƙoƙo guda ta ɗora a kai don kada a ce ta yi ƙarya. Muna fita na ga ta ciro igiyar da take ɗaure ƙafar saniya in za ta yi tatsa, ta naɗe ta soke a ƙugu.

“Inna, igiyar fa?”

“An ce gardin da ke tsaron su Babarbare ne.”

Nan na gane dabarar. Bafulatani da Babarbare abokan wasa ne tun kakanni. Ko a wace rana suna iya zagin juna ba mai fushi, balle ranar ƙarshen shekara, da ko sarki ne abokin wasansa ya jefa masa igiya sai ya yi dariya ya biya fansa. Na ce, “Inna, wannan fa ba Babarbaren kasuwa ba ne, na Nasara ne.” Ta ce, “Nasara ne ya yi masa zanen fuska? Kora jaki.”

Tafiya ce mai ɗan nisa. Muka ratsa gonakin da aka girbe, shanu suna kalar kara, muka gangara wani kwari mai goruba da rake. Duk ƙauyen da muka wuce hayaƙi ke tashi, ƙarar daka sai ka ce ana biki. A wani gari muka tarar da ƴan mata sun ɗaure wani ƙaton saurayi a jikin turken jaki, yana roƙo suna shewa, wai sai ya ba su ɗan akuya. Inna ta tsaya ta ba su shawara su ƙara ɗaurin ta wajen gwiwa. Yara kuma suna ta haɗa damin kara na wasan wuta da za su yi in rana ta faɗi. Wani tsoho ya tambaye mu ina zuwa da tukunya ran cika-ciki, Inna ta ce masa kasuwa. Ya bi mu da kallo har muka ɓace.

La'asar sakaliya muka iso. Maza ne birjik, sun yi jerin gwano da kwanduna a ka, daga ramin jar ƙasa zuwa bakin hanya, jikinsu duk ya yi ja. Na hango nawa tun daga nesa, ya rame, wuyansa ya yi tsawo. Shi ma ya gan mu, ya yi sauri ya kau da kai. Gardin yana zaune a kan kututture a gindin gawo, ya ba mu baya, dorina a kan cinya.

Inna ba ta yi sallama ba. Ta kwance igiyarta, ta yi zarge, ta lallaɓa kamar za ta kama maraƙi, ta jefa masa a kafaɗa ta ja.

“Na kama bawana! Babarbare, ɓarawon nono, yau shekara ta ƙare, fanshi kanka!”

Mutumin ya yi zumbur ya miƙe, hularsa ta faɗi. Ya juyo ya fuskance mu. Ƙato ne baƙi, zane uku-uku dogaye a kumatu, ba irin zanen Barebari masu yawa ba. Na taɓa ganin irinsu a Magariya, mutanen yamma ne can nesa, Bambarawa, waɗanda Faransi ke kawowa aikin soja. Daga baya muka ji cewa Babarbaren yana nan da gaske, amma an kira shi bariki tun da safe. Inna da raunin idonta zane kawai ta gani.

Kwanduna suka tsaya a ka. Gardin ya ɗaga dorina, na ga maigidana ya sauke kwandonsa ya soma takowa, na san in ya iso, ba hanya kaɗai zai gina ba, gidan kaso zai kwana. Ita kuwa Inna sai zuba take yi, wai kakansa kakanta ne ya saye shi da ƙwaryar tsala.

Na matsa na ce a kunnenta, “Inna, ba Babarbare ba ne.”

Ta ce, “Inna lillahi.” Amma ba ta saki igiyar ba. Ta gaya mini daga baya cewa ba jarumta ba ce, hannun ne ya ƙi buɗewa.

Gardin ya dube ta daga sama har ƙasa: kitson, zoben kunnen, ƙoƙon nonon da ke kanta ko girgiza bai yi ba. Hausarsa a karye take, ta bariki. Ya ce, “Ke… Fula?”

Ni na amsa. “Bafulatana ce, ranka ya daɗe. Tsohuwa ce, ba ta gani sosai. Wasan shekara ne, ta ɗauka…”

“Wasa,” ya ce. Ya sauke dorinar a hankali. Ya bugi ƙirjinsa. “Ni, babana ƙira. Kakana ƙira. Garinmu, Fula da maƙeri…” Ya rasa kalmar, sai ya kama igiyar da ke kafaɗarsa ya girgiza ta.

Wayyo, ku zo ku ga Inna! Ai Fulani da maƙera ma abokan wasa ne a wurinmu, ashe har can ƙasarsu haka abin yake. Jinin da ya gudu daga fuskarta ya dawo.

“Maƙeri? Kai, na yi asarar igiyata! Ashe ma gara Babarbaren. Ɗan baƙin gawayi, wa ya ba ka jar hula? Ina zugazuganka?”

Ya fashe da dariya, irin wadda ke fitowa daga ciki, har ya dafa gawo. Ya ce Fula ba su da gari sai gindin saniya. Ta ce ba don saniya ba da uwarsa ba ta ga farin abu ba a rayuwarta. Ya ce Fula siriri kamar sanda, iska ta ɗauke. Ta ce shi kuwa ko dare ya gan shi sai ya yi sallama. Mazan da suka ƙame suka soma dariya, da farko a ɓoye, sannan kowa ya sake. Ni dai ina kallon idon gardin, na ga ya kawo ruwa. Ya goge da bayan hannu ya ce mini, shekarunsa da yawa a ƙasar nan, kowa “ranka ya daɗe”, kowa tsoro, ba wanda ya zage shi ko sau ɗaya. Tausayinsa ya kama ni, wallahi, duk da dorinar.

Ya zauna a kan kututturen da igiya a kafaɗa ya ce, to, nawa ne fansa?

Inna ta ce ba ta son ko dala. Ta nuna jaki. “Tuwo na kawo. A ci.”

“Wa zai ci? Wane ne naki a nan?”

Nan fa ake yin ta. Inna ta dubi ƙasa ta ce, “Ni ba ni da kowa a nan.”

Ya juyo gare ni. “Ke, mijinki? Sunansa?”

Ni in faɗi sunan mijina, a gaban uwarsa, a gaban maza? Na ja mayafi na rufe fuska. Ya ce to in nuna shi da hannu. Na ƙara dunƙulewa. Ya ɗaga murya ya ce ɗan tsohuwar nan ya fito. Shi kuma gogan, da ɗazu yake shirin faɗa da gardi saboda ita, yanzu ya juya baya yana ta kallon wani kwando kamar bai taɓa ganin kwando ba. Duk wanda ke wurin ya san ko ɗan wa ye, rabinsu ƴan garinmu ne. Sai wani shaƙiyyi mai furfura, wanda ya kusa sa'ar Inna, ya ɗaga hannu ya ce, “Ni ne ɗanta!” Wani ya ce, “Ƙarya yake, ni ne!” Kafin ka ce me, duk jerin ya ɗauka, kowa shi ne ɗan Inna, har da wani Buzu.

Gardin ya riƙe ciki. Da ya samu numfashi ya ce, “Fula mahaukata. Uwa ba ta san ɗa, mata ba ta san miji.” Ya ciro usur ya busa. “To duka nata. Aiki ya ƙare. Duka a ci!”

Murna ta kama ni, sai kuma tsoro, don tuwon da muka kawo ko kwata ɗinsu ba zai isa ba. Amma akwai ƙauye kusa da wurin, kuma shewar ta kai can. Dama matan garin sun yini suna jin nauyin a ce suna cika ciki ga bayin Allah a bakin hanya da yunwa, tsoron jar hula ne ya hana su matsowa. Da yara suka kai labari cewa wata tsohuwa ta ɗaure gardi, sai ga su sun ɓullo a jere, wannan da akushi, wannan da ƙwaryar dambu, wata da ɗanwake, wata da kan rago da ta ajiye tun Layya. Rana tana faɗuwa wani daga cikin mazan ya yi kiran salla. Masu azumi suka sha ruwa, aka yi magariba a kan sabuwar hanyar, jar ƙasa a goshin kowa.

Inna ce ta yi rabo, ba wanda ya isa ya taɓa mata ludayi. Maza suka zauna ƙungiya-ƙungiya. Ta fara da gardin, ta ce a ba maƙeri a sakaina don kada ya ɓata akushi, sannan ta cika masa akushin har yana zuba. Ta yayyanka jelar ƙanana-ƙanana yadda kowace ƙwarya za ta samu. Gindin jelar, inda kitsen yake, na ga ta ɓoye shi a ƙarƙashin ludayi. Ta bi ƙungiyoyin tana zuba miya tana tsiya, wannan ta ce hancinsa, wancan ta ce cikinsa. Da ta zo inda maigidana yake sai bakin ya mutu. Ta kau da fuska gabas, ta karkata ludayi, abin ya faɗa ƙwarya kamar suɓucewa ya yi, ta wuce. Mazan da ke tare da shi suka yi kamar ba su gani ba. Ɗaya ya sa yatsa ya tura masa naman gabansa.

An ci, jama'a. An ci har mai furfurar nan ya kwanta rigingine yana cewa a kira masa magadansa. Yaran ƙauyen suka kunna damin karansu suna wurwurawa suna guje-guje, suna jefa tsohuwar wuta yamma, wasu daga cikin mazan da suka yini da kwando a ka suka tashi suka bi su kamar ba su gaji ba. Gardin ya cire igiyar ya miƙa wa Inna da hannu biyu. Ya ce ba shi da ikon sakin kowa, gobe aiki na nan, amma muddin shi ke tsaro dorinarsa ba za ta taɓa ɗan Fula ba, ko wane ne shi a cikinsu. Ta ce Allah ya shirye shi, ya mayar da shi gindin maƙerarsa lafiya. Ya ce amin, da ƙarfi.

Wata mata ta ce mu kwana a gidanta, da safe ma kama hanya. Kafin mu shiga muka tsaya a bakin rijiyar garin muna wanke akusa, ana jiyo ihun yara. Inna tana ta cuɗa akushi ɗaya, ya fita tas amma ba ta daina ba. Can, ba tare da ta dube ni ba, ta ce,

“Ke ƴar Kaɗo. Idona ba ya gani da yamma. Wancan… ya ci?”

Tun da na zo gidan ban taɓa jin ta tambayi wani abu a kansa ba.

Na ce, “Ya ci, Inna.”

“Ci nawa? Na kunya, ko na gaske?”

“Na gaske. Ya cinye naman, ya suɗe hannu, ya ƙara da dambu. Da idona na ga ya sassauta mazagin wandonsa.”

Ta saki akushin cikin ruwa, ta zauna a bakin rijiyar, ta yi dariya ƙasa-ƙasa, ta ce, “Haka yake tun yana goye, ba ya barin komai.” Ta sa gefen zane ta share fuska.

Sai a lokacin na duba tukunya. An kwashe ta kaf, har ƙanzon tuwo yara sun kankare. Na tuna ban ga ta kai komai baki ba tun da ta kurɓi ruwan buɗa-baki, ita da ta fi kowa tsoron kwana da yunwa a wannan dare. Na miƙe zan shiga gari in roƙo mata ko ɗan dambu ne.

“Inna, ke fa? Ba ki ci komai ba!”

Ta kamo zanena ta zaunar da ni.

“Zauna, ƴar nan. Ni na ƙoshi.”